Lakar kanti a hannun yaro: wasa ne mai amfani ko ɓarnar dukiya?

Ƙanena ne ya zo da ita daga tafiya, tsaraba ga 'yata mai shekara huɗu: 'yan robobi huɗu masu murfi, ja da shuɗi da rawaya da kore, a jikinsu an rubuta Play-Doh. Abin da ke ciki mai laushi ne kamar kwaɓin cincin, ba ya manne wa hannu, kuma yana da wani ƙamshi nasa na daban. Mu dai a gida muka raɗa masa suna lakar kanti. Yarinyar ta zauna a kan tabarma tun bayan la'asar, ba ta ɗago kai ba sai da aka kira magariba. Ta gutsura, ta mulmula, ta murza a kan faranti har abin ya yi tsawo, ta ce maciji ne. Ta naɗe shi ta ce ya zama gammo. Ta luma babban yatsa a tsakiya ta ce tukunya ce, ta kai wa kakarta miyar kuka a ciki. Ranar ko sau ɗaya ba ta yi rigimar a ba ta wayar uwarta ba.

Ba a yi mako uku ba lakar ta ƙare. Kalolin sun cakuɗe sun koma ruwan ƙasa, wani dare kuma aka manta ba a rufe robobin ba, iskar hunturu ta busar da su suka tsattsage kamar bakin kududdufi da rani. Yarinya ta sa kuka. Sai uwarta ta ce ai ana yin irinta a gida: kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, ɗan mai, ruwan ɗumi da kalar abinci. Tana cikin aunawa Inna ta leƙo kicin ta ce, "Me za a soya mana?"

"Ba suya ba ce, Inna. Na wasan yarinyar nan ne."

Inna ta tsaya tana kallon kwanon. Can ta ce, "Fulawar? Da gishirin? A kwaɓa a ba kishiyar tawa ta tattake a tsakar gida? To, Allah Ya kyauta. Mu dai a gidanmu ko ƙwayar gero ce ta faɗi sai an tsince ta."

Daga wannan ranar gidanmu ya rabu biyu a kan abin da ban taɓa zaton za a yi gardama a kansa ba. Da na fara tayar da zancen a wajen abokai da malaman makarantun nazare, sai na tarar ba gidanmu kaɗai ba ne. Kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, wannan laka asalinta ba don yara aka yi ta ba. A birnin Cincinnati na jihar Ohio a Amurka akwai wani kamfanin sabulu mai suna Kutol, wanda tun shekarun 1930 yake yin wani kwaɓi na goge bango. A lokacin da gawayin kwal ake ɗumama gidaje, baƙin hayaƙi kuma yakan kama takardar adon da suke liƙa wa bangon ɗaki, takardar da ba ta son ruwa. Sai a mirgina kwaɓin a jikin bango ya kwashe daskararren hayaƙin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka koma amfani da gas da mai, aka kuma fito da takardar bango da ake iya wankewa, kasuwar Kutol ta faɗi warwas. Wata malamar nazare a jihar New Jersey mai suna Kay Zufall, surukar Joe McVicker na gidan masu kamfanin, ita ce ta kai kwaɓin aji ta ba ɗalibanta, ta ga ya fi yumɓu sauƙin sarrafawa a ƙananan hannuwa. A 1956 aka fara sayar da shi da sunan Play-Doh, fari kawai, kafin a ƙara ja da shuɗi da rawaya. Tun 1991 yana hannun kamfanin Hasbro. Ginshiƙin haɗinsa har yau ruwa ne da gishiri da garin alkama. Yana da ɗan'uwa da ya girme shi, Plasticine, wanda wani malamin zane a garin Bath na Ingila, William Harbutt, ya ƙirƙira a 1897 don ɗalibansa su sami abin gini da ba ya bushewa. Shi da mai ake haɗa shi, don haka iska ba ta daskarar da shi, sai dai zafi ya sa ya yi laɓo-laɓo.

Na kawo wannan tarihi ne don a ga cewa a duka biyun malami ne ya fara hango amfanin abin, yana kallon hannun ɗalibi. A nan kuwa masu goyon baya suka fi ƙarfi.

Duk wanda ya taɓa kama hannun yaro ɗan shekara uku don ya koya masa riƙe fensir ya san yadda abin yake. Yaron zai damƙe fensirin da dukan yatsu kamar muciya, ya danna har takarda ta huje, ba a jima ba ya ce hannunsa ya gaji. Ba ƙiwa ba ce. Ƙasusuwan wuyan hannun jariri guringuntsi ne, a hankali suke ƙarfafa ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun ƙuruciya, ƙananan jijiyoyin tafin hannu kuma sai da aiki suke samun ƙarfi. Riƙon alƙalami da yatsu uku yakan zauna ne a wajen shekara huɗu zuwa shida. Mu kuwa mun ɗauko wata ɗabi'a ta tilasta wa ɗan shekara biyu da rabi cika shafi da baƙaƙe, har da aikin gida, don iyaye su ga kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Masu goyon bayan laka suna cewa kafin hannu ya yi rubutu sai ya yi matsa da mintsini da murza da mulmula, kuma babu abin da ke haɗa waɗannan duka a zama ɗaya kamar dunƙulen laka. A asibiti ma, masu gyaran gaɓɓai sukan ba wanda ya karye ko ya sami shanyewar ɓarin jiki wani kwaɓi makamancin wannan ya riƙa matsawa don hannun ya dawo. Abin da ke farfaɗo da hannun babba, ba zai rasa amfani ga hannun da ke tasowa ba.

Amma ni hujjar da ta fi kama ni ba ta jijiya ba ce. Mafi yawan kayan wasan da muke saya sun gama zama abin da za su zama tun a masana'anta. Motar batir mota ce, a danna ta tafi, batir ya ƙare a jefar. Bidiyon waya kuwa shi ke yin komai, yaro nasa ido. Laka ba ta zo da umarni ba. Ba ta cewa ka yi daidai ko ka yi kuskure. In kunnen akuya ya karye sai a cura a sake, babu jan biro, babu bulala. Yaron da ya saba da haka yana koyon wani abu da ba a rubuta shi a manhaja: cewa abin da ke ransa zai iya fitowa ta hannunsa, in bai fito ba yau gobe zai gwada. Shi ya sa Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna Kindergarten a 1840, ya sa gini da yumɓu cikin ayyukan da yara za su riƙa yi.

Akwai ma lissafi a ciki. Masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, yakan mulmula ƙwallon yumɓu guda biyu daidai wa daida, yaro ya yarda girmansu ɗaya. Sai ya murza ɗaya a gabansa ya yi tsawo, ya tambaye shi wanne ya fi yawa. Yaran da ba su kai shekara shida ko bakwai ba galibi sukan nuna mai tsawon. Na gwada da 'yata a kan tabarmar nan, ta nuna macijin ba tare da ta yi jinkiri ba, ta ce, "Baba, wannan ne, ba ka ga ya kai can ba?" Na cure shi ya koma ƙwallo, ta yi shiru tana duban hannuna. Wannan shirun shi ne wurin da hankali ke aiki. Fahimtar cewa sauya siffa ba ya ƙara yawa ba ya rage shi, ita ce tushen rabawa da awo da kashi-kashi, kuma yaro ba ya samun ta da hadda.

To, sai mu koma wajen Inna, don maganarta ba ta tsufa ba ce kawai, kuma ba daidai ba ne a yi mata kallon wadda zamani ya wuce.

Hujjarta ta farko ita ce alfarmar abinci. Mun tashi ana hana mu tsallake tuwo, ana sa mu suɗe kwano, ana faɗa mana ba a san inda albarka take ba. Ta yaya za a koya wa yaro haka da safe, da yamma kuma a miƙa masa fulawa ya mulmula da ƙafa? Kuma a wace ƙasa? Mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake shigo da ita da kuɗin waje, kofi biyun da za a kwaɓa don wasa kuwa fanken karin kumallon wani gida ne a bayan katangarmu. Masu goyon baya sukan ce ai kwaɓi ɗaya in an rufe shi da kyau zai yi makonni, kuɗinsa bai kai na alewar da yaron ke sha a kwana biyu ba, kuma abin da aka yi amfani da shi wajen ilimi ba a kira shi almubazzaranci. Akwai gaskiya a nan. Amma Inna ba lissafin naira take yi ba. Tana maganar abin da idon yaro ke gani ne, da abin da zai ɗauka game da ni'ima. Wannan hujja ban iya rushe ta ba, kuma ban so in rushe ta ba. Ta kanti ma da garin alkama aka yi ta, illa dai yaro ba ya ganin an ɗebo ta daga buhun da ake yi masa abinci, wannan bambanci kuwa ba ƙarami ba ne a wajen tarbiyya.

Hujjarta ta biyu ta fi ciwo. Ta ce, "Kai wannan," don ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari, "da me kuka yi wasa kuna yara? Wa ya saya muku?" Nan take na tuna bakin kududdufin bayan unguwarmu bayan an ɗauke ruwa. Mukan ƙwaƙulo yumɓu da hannu, mu zauna a inuwar katanga mu gina shanu masu tozo, mu soka ƙaya ta zama ƙaho, mu yi raƙumi da sirdi, mu yi rediyo da sillen kara a matsayin eriya. 'Yan mata suna gina 'yan tukwane da murhu da turmi na wasan 'yar tsana, a shanya a rana, mai wayo ma ta saka nata cikin toka mai zafi bayan an sauke tuwo don ya yi ƙwari. Ko sisi ba a kashe ba. Mu jikokin magina ne. Kawunan yumɓu da aka tono a yankin Nok na kudancin jihar Kaduna, tun wanda aka fara cin karo da shi a 1928 wajen haƙar kuza, sun haura shekara 2000. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20 tana ginin tukunya, tun tana yarinya ta koyi sana'ar a hannun wata 'yar'uwar iyayenta a garin Kwali, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954 a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ba wanda ya saya mata laka mai kala. Ashe ba abin kunya ba ne mu bar yumɓun da ke ƙarƙashin ƙafarmu mu sayi na roba da aka yo dakonsa daga wata nahiya? Yumɓu ma ya fi koyarwa ta wata fuska: yana da nauyi, yana da taurin kai, in ruwa ya yi yawa ya zube, in ya yi kaɗan ya tsage, in ya bushe kuma abin da ka gina ya tsaya ka ajiye shi a kan taga.

Da a nan zancen ya tsaya da na miƙa wa Inna tuta. Sai dai uwar yarinyar ta yi tambaya ɗaya: "Inna, wane kududdufin zan tura ta?" Wanda na yi wasa a bakinsa an cike rabinsa an yi gidaje, sauran rabin ya zama matattarar kwatamin unguwa da leda da bola. Ƙasar da ake bayan gida a kanta ita ce hanyar tsutsar ciki da gudawa, yaro ƙarami kuma hannunsa ba ya nisa da bakinsa. Duk damina sai an ji labarin yaron da ruwa ya ci a irin waɗannan ramuka. Wanda kuma ya tuna 2010 ba zai sake cewa ƙasa ai ƙasa ce ba: a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, dutsen zinare da ake daka a cikin gidaje ya gauraya ƙasar tsakar gida da gubar dalma, yara kimanin 400 suka rasu, mafi yawansu ƙanana masu rarrafe da wasa a ƙasa. Ga iyalin da ke haya a ɗaki biyu mai daɓen siminti, ko a bene, zancen a koma kududdufi kewa ce kawai ta abin da ya wuce. Zaɓin da ke gaban irin wannan yaro ba tsakanin laka da yumɓu ba ne. Tsakanin laka ne da allon waya.

Ita ma lakar ba a ce ba ta da nata haɗari ba. Wadda ake kwaɓawa a gida gishirinta ya kai rabin fulawarta, yaro ƙarami in ya haɗiye da yawa zai iya cutuwa matuƙa, ko da yake yawancinsu suna ɗanɗanawa suke tofarwa. Ta kanti an rubuta a jikinta daga shekara biyu zuwa sama, kuma wanda jikinsa ba ya karɓar alkama bai kamata ya taɓa ta ba. Kasuwanninmu kuma cike suke da wasu marasa suna, marasa bayanin abin da aka zuba musu na kala, wasu ma warin sinadari ke tashi in an buɗe. Irin waɗannan ko kyauta aka ba ni ba zan kai gida ba. Amma duk waɗannan matsaloli ne da zaman babba a kusa da wanke hannu ke magancewa, ba su kai a haramta wasan ba.

Akwai wata tambaya da wani abokina ya yi mini da gaske, kuma na san tana zukatan iyaye da yawa: yaron da ke gina akuya da mutum, ba a sa shi yin mutum-mutumi ba? Hani a kan sura abin da ke da rai sananne ne. Amma sananne ne kuma cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. A ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya gani ya yi dariya bai hana ba. A kan wannan ne malamai da yawa, ciki har da Alƙali Iyad na mazhabar Malikiyya, suka keɓe kayan wasan yara daga hanin. Wasu malaman sun fi tsanantawa, suna son a bar fuska ba ido ba baki. Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da wannan, ƙofa a buɗe take: tukwane, motoci, gidaje, kwale-kwale, itatuwa, harufan abajada da lambobi, duk ana gina su. Na ga malamar da ke sa yara su murza laka su lanƙwasa ta ta zama ba'un da nunun, su mulmula ɗigo su ɗora a sama ko a ƙasa. Yaron da ya ɗora ɗigon da yatsansa da wuya ya sake rikita su.

Inda na raba hanya da masu goyon baya shi ne wajen kayan da ake haɗowa da lakar. Tun 1960 kamfanin ya fito da wata 'yar na'ura da ake cusa laka a danna ta fito da siffar tauraro ko taliya, daga nan kuma aka buɗe ƙofa: akwatin mai askin wasa, na likitan haƙori, na mai sayar da askirim, kowanne da mazubansa na roba da hoton abin da ake so yaro ya fitar. Nan ne ribar take, nan ne kuma amfanin ke tsiyayewa. Yaron da aka ba mazubi mai siffar kifi zai cika ya juye, ya sami kifi mai kyau irin na kowa, ya daina yarda da kifinsa mai karkataccen wutsiya. Haka babban da ke zama ya karɓe lakar yana cewa, "Kawo in nuna maka, ba haka ake yi ba." Na yi wannan kuskure sau ɗaya. Na gina wa 'yata doki mai kyau, ta karɓa ta ajiye, ta ƙi sake taɓa lakar ranar, duk abin da na ce ta yi sai ta ce, "Kai ka yi mini." Sai da aka kwana biyu kafin ta koma ga macizanta. Tallan da ke cewa sayen akwati kaza zai mai da yaro haziƙi, talla ne. Abin da ke aiki dunƙule ne tsura, da faranti, da murfin kwalba, da tsinken tsintsiya, da babban da ya iya kama bakinsa.

Saboda haka ni ina tare da masu cewa a ba yaro abin mulmulawa, kuma a ba shi kullum in da hali, a gida da makaranta, kafin a matsa masa da fensir. Ina kuma tare da Inna a kan cewa ba sai da fulawa ba, ba kuma sai daga kanti ba. Makarantar nazaren da ke karɓar kuɗin zango mai kauri amma babu ko bokiti ɗaya na yumɓu a ajinta, ta rage wa yara wani haƙƙi. Ba tsada ce ta hana ba. Magina tukwane suna nan a garuruwanmu, sun san ramin da suke ɗebo yumɓu mai tsabta nesa da kwata da bola, kuma abin da zai ishi aji guda ba zai kai kuɗin robobi huɗu na kanti ba. A jiƙa shi, a tsince tsakuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. In ya bushe a farfasa a sake jiƙawa ya dawo sabo, abin da lakar kanti ba ta yi.

A gidanmu ba a kwaɓa fulawar ba ranar, cincin aka soya da ita. Ranar kasuwa Inna ta aiki yaron maƙwabta wajen matar da take sayen randa da kaskon turare a hannunta, ya dawo da ƙunshin yumɓu a leda, baƙi-baƙi, mai sanyi. Ta sa aka shimfiɗa tsohon buhu a gindin bishiyar darbejiya, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta gutsura ta miƙa wa jikarta rabi. Hannun da ya shekara fiye da sittin bai yi wannan aiki ba ya mulmula jiki, ya ja wuya, ya mintsino tozo. Yarinyar ta dubi saniyar, ta dubi dunƙulen da ke hannunta, ta ce, "Inna, ni tawa mai ƙafa biyar zan yi." Inna ta ce, "Yi abarki." Ƙanena ya sake kawo robobin kanti da ƙaramar salla, suna kan kanta, ana sauko da su in ana ruwan sama ko in an yi baƙi ba a son a ɓata kaya. Shanun yumɓu kuwa sun kai tara a kan tagar ɗakin Inna, har da mai ƙafa biyar ɗin, wadda ƙafa ɗaya ta ɓalle aka liƙa ta da ƙaro.